Kusanci Ba Tsaro Ba Ne: Darasi A Kan Bluetooth

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa ganin mutum biyu sun kusanto da wayoyinsu, ɗaya ya tura wa ɗaya waƙa ko hoto, alhali kuwa babu wata igiya da ta haɗa wayoyin ba. Haka kuma mun saba ganin direba yana amsa kira ta rediyon motarsa wayar tana aljihu, ko kuwa a ga saurayi da ɗan abin sauraro maƙale a kunne yana tafe yana magana kamar shi kaɗai. Abin da ke yin wannan aiki shi a ke kira Bluetooth. Yawancin mutane sun ɗauka cewa tun da ya ke na'urorin biyu suna kusa da juna, to, maganarsu raɗa ce, babu mai ji. Nufin wannan darasi shi ne mu ga cewa wannan zato kuskure ne, sa'an nan mu san ainihin abin da ke tsare sirrin, da kuma rabon aikin da ya faɗo a kanmu.

Kada wani ya ga kamar abin wasa ne. A cikin waya akwai lambobin 'yan'uwa, da hotuna, da saƙonnin banki. Wanda ke buga kalmar sirri a allon rubutun kwamfuta marar igiya, ta iska haruffan ke tafiya. Akwai motoci da ƙofofin da a ke buɗewa da waya, akwai kuma na'urar taimaka wa kurma ji, da ta auna sukarin jini, waɗanda duk ta wannan hanya su ke magana da wayar mai su.

Asalinsa

A shekarar 1994 ne injiniyoyin kamfanin Ericsson, a garin Lund na ƙasar Suwidin, su ka dukufa neman hanyar da za a raba ƙananan na'urori da igiyoyi. Babba a cikinsu shi ne Jaap Haartsen, mutumin Holan. A 1998 kamfanoni biyar, watau Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, su ka kafa ƙungiya don a yi ƙa'ida ɗaya wadda na'urar kowa za ta bi. Sunan kuwa an aro shi ne daga laƙabin wani sarkin Denmak mai suna Harald, wanda ya yi zamani a ƙarni na 10, ya kuma haɗa kan mutanen ƙasarsa. Ma'anar laƙabin ita ce mai shuɗin haƙori. Alamar nan da mu ke gani a waya haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen can, H da B, aka haɗa su wuri ɗaya.

Bluetooth dai rediyo ne, sai dai mai ƙaramin ƙarfi. Kowace na'ura tana da tashar watsawa da ta karɓa a cikinta. Irin wanda ke cikin waya yakan kai kamar mita 10, akwai kuma mai ƙarfi wanda kan kai mita 100. Kun san kuwa rediyo ba ya zaɓen kunne. In gidan rediyo ya yi magana, duk mai akwati ya ji.

Zato biyu na kuskure

Zato na farko shi ne na nisa. Mutum zai ce, ai ba wanda ke cikin mita goma da ni sai abokina. To, mita goman nan iyakar ƙaramar eriyar da ke cikin waya ce, ba iyakar igiyar rediyon ba. Wanda ya zo da babbar eriya mai fuskantar wuri ɗaya zai ji daga nesa ƙwarai. A shekarar 2004 wasu masu bincike su ka gwada haka a Kalifoniya ta Amurka, su ka shiga wata waya daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Ban da wannan ma, a kasuwa ko tashar mota ko filin ƙwallo, mutum nawa ne ke cikin mita goma da kai?

Zato na biyu na waɗanda su ka ɗan yi karatu ne. Sun ji cewa Bluetooth ba ya zama a tasha ɗaya: an raba masa zangonsa gida 79, yana tsalle daga wannan zuwa wancan har sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Sai su ce, wa zai iya bin wannan gudu? Gaskiya ne mutum ba ya iyawa, amma na'ura tana iyawa. An yi tsallen ne domin a kauce wa hayaniyar sauran na'urorin da ke amfani da zangon nan, ba domin ɓoye sirri ba.

Zaurance da mabuɗi

Tun da ba za a iya hana wani ji ba, dabara ita ce a hana shi fahimta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mun san zaurance. Yara biyu sukan shirya, alal misali, su riƙa saka wata gaɓa bayan kowace gaɓar kalma, sai su yi ta hira a gaban mutane ba a gane ba. Amma zaurance yana da rauni: ran da na uku ya gane ƙa'idar, shi ke nan asiri ya tonu.

Zaurancen na'urori ya sha bamban a nan. Ƙa'idarsa ba ɓoyayyiya ba ce, an buga ta kowa na iya karantawa. Abin da a ke ɓoyewa shi ne wata lamba mai tsawo wadda a ke cuɗa saƙon da ita, ita ce a ke kira mabuɗi. Cikakken mabuɗin Bluetooth lamba ce wadda in aka rubuta ta za ta kai alƙaluma 39. Babu kwamfutar da za ta iya gwada irin waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya har ta dace. Saboda haka ɓarawo ba ya wahalar da kansa da karya mabuɗi. Abin da ya ke dako shi ne lokacin da a ke ƙera shi, watau ranar da na'urorin biyu su ka fara haɗuwa su ka ƙulla abota. Ga kuwa wuyar al'amarin: yaya na'urori biyu da ba su taɓa saduwa ba za su shirya mabuɗin sirri, alhali duk maganarsu a bainar jama'a su ke yinta?

Tsohuwar hanya

Hanyar farko ita ce a buga lambar sirri iri ɗaya a na'urorin biyu, daga cikinta a gina mabuɗin. An ba da dama a yi lambar da tsawo, amma mutane su ka tsaya a alƙaluma huɗu. Na'urorin da ba su da maɓallin bugawa kuwa, kamar abin sauraro na kunne, sai masu ƙira su ka dasa musu 0000 ko 1234. Alƙaluma huɗu lambobi 10,000 kaɗai ke nan. A 2005 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Tel Aviv, Yaniv Shaked da Avishai Wool, su ka nuna cewa wanda ya saurari ƙulla abotar zai iya gano irin wannan lamba da kwamfutar gida kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Har ila yau sun nuna yadda za a ruɗi na'urar ta ga kamar ta manta mabuɗinta, domin mai ita ya sake ƙulla abotar a kunnen ɓarawo.

A wannan zamani kuma aka sha wasu wahalolin. A 2003 Adam Laurie, wani masani a Ingila, ya bayyana cewa a wasu wayoyi ana iya kwafe lambobin mutane da kalandar mai waya ba da saninsa ba. A 2004 ƙwayar cutar waya ta farko ta ɓulla, sunanta Cabir. Ba ta shiga sai mai waya ya yarda, amma takan yi ta aiko da tambaya ba fasawa, har mutum ya gaji ya danna "na yarda" don ya huta. A 2005 ta bi wayoyin 'yan kallo a filin gasar guje-guje ta duniya a Helsinki. Da ɗan gari a kan ci gari: mai wayar ne da kansa ya buɗe mata ƙofa.

Lissafin da ya kawo gyara

A 2007 aka fito da Bluetooth 2.1 da sabuwar hanyar ƙulla abota. Tushenta wata dabara ce da Whitfield Diffie da Martin Hellman su ka buga a Amurka tun 1976. Ku ɗauko takarda da fensir, domin lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba.

A ce Audu da Binta suna so su sami lambar sirri ɗaya, ga shi kuwa a tsakiyar aji su ke magana, kowa na ji. Da farko sai su yarda a fili a kan lambobi biyu, 2 da 13. Ƙa'idar ita ce: kowace amsa aka samu, a raba ta da 13, a riƙe ragowar kaɗai.

Audu ya zaɓi 5 a zuciyarsa, bai faɗa wa kowa ba. Ya jera 2 sau biyar ya ninka su, ya sami 32. In aka raba 32 da 13, ragowa 6. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Shida."

Binta ta zaɓi 4 a zuciyarta. Ta jera 2 sau huɗu ta ninka, ta sami 16. Ragowa 3. Sai ta ce, "Uku."

Yanzu Audu ya ɗauki 3 ɗin Binta, ya jera ta sau biyar, watau adadin sirrinsa, ya ninka, ya sami 243. In an raba da 13, ragowa 9. Binta kuma ta ɗauki 6 ɗin Audu, ta jera ta sau huɗu, ta sami 1,296. In an raba da 13, ragowa 9.

Kun gani? Dukansu sun isa ga 9, alhali ba wanda ya furta ta. 'Yan aji sun ji 2 da 13 da 6 da 3, amma kafin su sami 9 tilas su gano 5 ɗin Audu ko 4 ɗin Binta. Da ƙananan lambobi irin waɗannan, gwaji kaɗan zai tona. Amma na'urori suna amfani da wani ɗan'uwan wannan lissafi, da lambobi masu alƙaluma sama da 50, na yanzu ma sama da 70. Yin lissafin gaba abu ne mai sauƙi, komawa baya kuwa ya gagari kowace kwamfuta da a ke aiki da ita yau. Ta haka aka yi maganin mai laɓe.

Sai dai gyaran bai game ko'ina rana ɗaya ba. Bluetooth mai cin batir kaɗan, irin na agogon hannu da ƙananan na'urori, wanda ya fito a 2010, bai sami wannan lissafi ba sai a 2014. Tsofaffin kaya na tsakanin nan suna da rauni.

Munafukin tsakiya

An yi maganin mai laɓe, saura munafuki. A ce Audu da Binta ba sa ganin juna, takarda su ke aikawa. Sai wani mai suna Tanko ya zauna a tsakani. Ya ce wa Audu, "Ni ce Binta," su ka yi lissafi su ka sami mabuɗi. Ya juya ya ce wa Binta, "Ni ne Audu," su ka sami wani mabuɗin dabam. Daga nan duk saƙon da Audu ya aiko, Tanko zai buɗe ya karanta, in ya so ya sauya, sa'an nan ya rufe da mabuɗi na biyu ya miƙa wa Binta. Lissafi bai yi kuskure ba, sai dai bai san da wa aka yi shi ba.

A nan ne a ke bukatar idon mutum. Tanko yana da matsala guda: lambobin da ya yi musanya da Audu dabam su ke da waɗanda ya yi da Binta. Saboda haka sai aka sa kowace na'ura ta tace lambobin da ta gani, ta fitar da alƙaluma shida, ta nuna a fuskarta. In babu kowa a tsakani, alƙaluman za su zo daidai. In akwai, za su saɓa, sai fa in munafukin ya yi sa'ar da ba ta wuce ɗaya cikin miliyan ba. To, wannan ita ce ma'anar lambar nan da waya kan nuna ta tambaye ka ko ta yi daidai da ta ɗaya na'urar. Wanda ya danna "e" bai duba ba, ya rushe ginin duka da yatsa ɗaya.

Akwai wasu hanyoyin uku. Ta ɗaya, na'ura guda ta nuna alƙaluma shida, kai kuma ka buga su a ɗayar, kamar yadda a ke yi da allon rubutu. Ta biyu, a goga na'urorin da juna su yi musanyar sirrin ta wata hanya mai gajeren zango ƙwarai. Ta uku ita ce ta kayan da ba su da fuska ba su da maɓalli, kamar lasifika da abin kunne: su haɗu kawai ba tambaya. Wannan ta ƙarshe tana hana mai laɓe, amma ba ta hana munafukin tsakiya. Shi ya sa wurin da aka ƙulla abotar ya ke da muhimmanci.

Sai bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar kuwa iri biyu ce. Wata a wajen magina ta ke, watau masu rubuta manhaja. A watan Satumba na 2017 kamfanin Armis ya bayyana kurakurai takwas da ya kira BlueBorne, a cikin Android da Windows da Linux da tsofaffin iPhone. Ba a bukatar ƙulla abota, ba a bukatar mai waya ya danna kome. Ya isa kawai a ce Bluetooth ɗinsa a kunne ya ke. Kamfanin ya ƙiyasta cewa abin ya shafi na'urori fiye da biliyan 5. An fitar da gyara, amma wayar da ba a sabunta manhajarta ba tana nan da tsagarta.

Wata tsagar kuwa a tsarin ginin kansa ta ke. A 2019 Daniele Antonioli da abokan aikinsa biyu su ka gano cewa ƙa'idar Bluetooth ta yarda na'urori biyu su yi ciniki a kan tsawon mabuɗi, kuma ba a tsare cinikin ba. Sai mugu ya sa baki ya karya farashi, har mabuɗin ya koma ɗaya daga cikin lambobi 256 kacal, waɗanda kwamfuta za ta gwada nan take. Sun kira wannan KNOB. Daga nan ƙungiyar Bluetooth ta sa iyakar da mabuɗi ba zai gaza ta ba.

Misali na ƙarshe shi ya fi dacewa da kan maganarmu. Akwai motocin da kan buɗe da kansu in sun ji wayar mai su a kusa. A 2022 wani mai bincike na kamfanin NCC Group na Ingila ya gwada da motar Tesla: ya ajiye na'ura ɗaya kusa da wayar, ɗaya kusa da motar, su ka riƙa miƙa wa juna saƙon. Bai karya mabuɗi ba, bai karanta kome ba. Motar dai ta ji muryar wayar, ta zaci tana kusa, ta buɗe. Ashe na'ura ma takan yi irin kuskurenmu, ta ɗauki kusanci a matsayin shaida. A 2024 aka fito da Bluetooth 6.0, wanda ke da hanyar auna ainihin nisan da ke tsakanin na'urori biyu, domin a rage irin wannan yaudara.

Rabonmu na aikin

Injiniyoyi sun yi nasu, saura namu, kuma ba shi da wuya.

Na ɗaya, in za ka haɗa sabuwar na'ura da wayarka, ka yi a gida ko wani wuri marar cunkoso, ba a kasuwa ko cikin motar haya ba.

Na biyu, in waya ta nuna alƙaluma shida, ka karanta su a na'urorin biyu, ɗaya bayan ɗaya. In sun saɓa, ka ƙi.

Na uku, kada ka karɓi abota ko saƙon da ba kai ka nema ba, kome nacin mai aikowa. In ya dame ka, kashe Bluetooth ɗin ko ka bar wurin.

Na huɗu, in na'urar da ku ka daɗe tare ta ce a sake ƙulla abota ba dalili, ka dakata sai ka koma gida.

Na biyar, in waya ta ce akwai sabuwar manhaja, ka sabunta. Yawancin abin da ke ciki toshe tsaga ne.

Na shida, ka riƙa duba jerin na'urorin da wayarka ta sani. Ka share wadda ka sayar, da wadda ta ɓace, da motar da ka taɓa haɗawa ka rabu da ita, domin kowace tana riƙe da mabuɗi.

Na bakwai, in ba ka aiki da Bluetooth, kashe shi. Ƙofar da ke rufe ba ta bukatar mai gadi.

Kafin mu rabu, ga aikin gwaji. Kai da abokin zamanka ku yarda a kan 2 da 19. Ɗaya ya riƙe 5, ɗaya ya riƙe 3, ku bi matakan Audu da Binta. In kun yi daidai, ɗaya zai furta 13, ɗaya ya furta 8, ku duka kuma ku tsaya a kan 12. Bayan haka kowa ya zaɓi tasa lambar a ɓoye, ku sa wani na uku ya saurara, ku ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya gano. Sa'an nan ku sa shi a tsakani yana kai muku takarda, ku ga irin ɓarnar da zai iya yi in ba ku gwada amsarku ido da ido ba. Wanda ya yi wannan gwaji sau ɗaya ba zai ƙara danna "e" da ka ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.